Ampilin da Surukina Ya Saya da Kunnena

Allah ya karɓi abinsa wata Laraba da hantsi, aka kai surukina makwancinsa kafin azahar. Ni ce matar babban ɗansa. Mijina yana Abijan a lokacin, bai iso ba sai bayan addu'ar uku, saboda haka hidimar cikin gida ta faɗo kaina. Madafarmu tana jingine da bangon zaure, bangon kuma bai kai rufi ba. Duk abin da maza suka faɗa a wurin zaman makoki, ina tuƙa tuwo ina ji.

Mata suna shigowa suna cewa babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ta Tawa ba da kayan sautinsa ba. Wata tsohuwa ta zo daga Afala a motar kasuwa, ta zauna bakin ƙofar Inna, uwar mijina, tana ta maimaita cewa shi ya kai mata kayan sauti ranar sunan jikanta, da ya ga halin gidan sai ya ce a ba shi fura kawai. Wasu Buzaye sun zo daga arewa, suka zauna gefe cikin rawunansu, ba su ce komai ba bayan gaisuwa, da za su tafi suka ɗaure akuya a turken gida. Samarin da suka ƙwace masa kasuwa da kwamfutocinsu su ma sun zo, kuma a makon nan ba wanda ya kunna kiɗa a unguwar.

Da la'asar na ji wani maƙwabci, mutum mai yawan wa'azi, ya sassauta murya ya ce, "Allah shi gahwarta mai. Da dai ya bar kiɗin nan tun da sauran ƙarhinai."

Wani dattijo ya ce, "Kai da mikoron wa kake wa'azi duk azumi?"

Na ji an ja tabarma, wani ya ce a yi salati. Ni kuwa muciya na hannuna, na kasa juya ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutum ya tsufa a cikin jama'a, a ranar da aka rufe shi a ce ba a ga komai a tare da shi ba sai kiɗa. Ba ni da ikon fita zaure in yi magana. Shi ya sa nake rubutawa. Ba zan kama sunansa ba, don ban taɓa kamawa ba yana raye. Baba nake ce masa.

Kamar yawancin mazan Adar, Baba ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan tun yana saurayi. Ya yi dako, ya yi tallar agogo, daga baya ya zauna shagon wani mai gyaran rediyo. Tsararsa sun dawo da keke da bargo. Shi ya dawo da lasifika da ampili, akwatin ƙarfen nan da ke karɓar ƙaramar murya daga mikoro ko kaset ya ba ta ƙarfin cika fili. Ya haɗa kai da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Ƙanen ke ciniki da masu biki, shi ke neman mota, shi ke tada gurup, injin wutar da suke yawo da shi ƙauyuka. Baba kuwa zama yake gaban ampili, kansa a karkace, yatsu biyu bisa maɓallin ƙara. Da wannan sana'a aka ciyar da gida biyu, aka aurar da ƴaƴa.

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Ya taɓa korar abokin ango daga rumfa don ya aza kofin shayi bisa ampili. In ladan ya ɗaga murya, ko ana tsakiyar rawa kashe kiɗa yake, a yi ta gunaguni, ba ya ko ɗaga kai. In aka matsa masa ya ƙara sauti, sai ya ce, "Ji kuke so ko ciwon kai?" Ba ya yabon abu da an kawo shi. Na'ura ce ko sabon maƙwabci, maganarsa ɗaya: "A bari shi yi zahi tukuna."

Tsakanina da shi kunya ce. Na daɗe a gidan, har na haihu, maganarmu ba ta wuce gaisuwar safe ba. In durƙusa, ya amsa yana kallon bango. In yana son abu daga wurina, Inna yake faɗa wa ko da ina tsaye a wurin: "Ce ma ɗiyar Barmu ta kawo ruwa." Daga wani ƙauye na wajen Barmu aka auro ni.

Kunnensa a hankali ya fara tafiya. Rediyon da yake ji da safe a zaure ya koma ana jin sa har bakin rijiya. A tambaye shi ina ya aje makulli, ya ce lafiya lau. Kowa a gidan ya gane, ba wanda ya faɗa. Mutumin da kunne ne jarinsa, wa zai tare shi da wannan magana?

Sai ga wani biki bayan an yanke gero. Filin ya cika, Baba yana ta murɗa maɓalli don shi a wurinsa sautin ya yi ƙasa. Lasifika suna kuka, mutane suna toshe kunne, shi bai sani ba. Aka ji ƙauri, hayaƙi ya fito daga bayan ampilin, komai ya mutu. A gaban ƴan biki. Mai gyara ya buɗe shi washegari ya ce babu abin da ya saura a ciki da za a gyara.

Rigimar a tsakar gida aka yi ta, ina wanke-wanke. Baba Ƙarami ya ce a sayar da lasifikan huɗu da gurup a raba kuɗin, kowa ya kama abin da zai fisshe shi, tun da yara masu kwamfuta sun riga sun cinye rabin bukukuwan gari. Baba ya ce ampili za a saya.

"Da wane kuɗi, Yaya?"

"Allah shi ka badawa."

"To ko an saya, wa za ya zamna gabanai?" Baba Ƙarami ya matso kusa, ya ɗaga murya yadda ba za a ce ba a ji ba. "Yaya, ba ampili yal lalace ba. Kunnenka ne. Kai kak kashe shi."

Inna ta aje ƙwaryar hannunta. Na sunkuyar da kai cikin kwanoni. Baba ya dubi ƙanensa ya ce, "Na riga na amsa ma dattawa taron sakin gonaki. Ba ni tahiya in ce musu na hwasa."

Taron nan a ƙauyenmu za a yi shi. A wajenmu, in an gama girbi akan sa ranar da makiyaya za su saki dabbobi cikin gonaki su ci kara. Kafin ranar, shigar dabba gona laifi ne. A shekarar da ta gabata saƙon ya bi baki da baki, manoma suka riƙe wata rana, makiyaya suka riƙe wata. Shanu suka shiga wake bai gama tashi ba. Aka yi sare-sare. Yayana har yau ba ya iya dunƙule hannunsa na hagu, su ma can sun kwashi nasu raunin. Shi ne dattawan ɓangarorin biyu suka ce a bana kowa zai hallara a filin kasuwa, a faɗi ranar da Hausa da Buzanci, kowa ya ji da kunnensa. Baba suka nema, don sun san shi tun da daɗewa.

Inna ta sayar da ragon da take kiwo. Mijina ya aiko da ɗan abin da ya samu. Baba Ƙarami ya sa nasa da sharaɗi: in abin ya ba da kunya a wurin taro, za a raba kaya ba tare da wata magana ba. Da aka haɗa duka, bai kai rabin kuɗin sabon ampili na kirki ba.

Ana gobe za su kasuwa, Baba ya kira Inna zaure, ya ce ta zo da ni. Na durƙusa bakin ƙofa. Da Inna yake magana, ba da ni ba.

"Kin ce ɗiyar Barmu ta ji shi yana kuka tun kahin shi ƙone?"

Inna ta ce haka ne. Ni na faɗa mata a madafa, tun wajen sallar layya, cewa sautin yana yi kamar ana yaga tsumma. Ban san ta kai masa ba.

Ya murza gemu. "Gobe kina da sayayya kasuwa. Ta raka ki."

Inna ba ta da sayayyar komai. Haka muka fita da safe mu huɗu, Baba da ƙanensa a gaba, mu a baya, da amalanke ɗauke da lasifika guda da mikoro, don Baba ya ce ba ya gwada ampili da lasifikar mai shago.

Shagon farko sabbin kaya ne. Mai shagon ya sauko da wani baƙin ampili mai walƙiya, fitilu ja da shuɗi suna gudu a fuskarsa, an rubuta ƙarfinsa da manyan lambobi a jikin kwali. Kuɗinmu zai saye shi har a yi saura. Baba Ƙarami ya ce wannan ne, ko ba komai masu biki za su gan shi su san an yi sabon kaya. Baba ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya aje.

"Babu komi cikinai. Ƙarhi nauyi gare shi. Lamba kuwa kowa na iya rubuta ta."

Amma ya yarda a gwada. Ya ce wa Inna in tsallaka hanya in tsaya gindin wata bishiya, in juya musu baya. Ya ba ƙanensa mikoro ya ce ya riƙa cewa bakwai ko takwas, duk wadda ya ga dama, ni kuma in nuna da yatsu abin da na ji. Da farko ina rarrabewa. Da aka murɗa maɓallin ya wuce rabi, ƙarar ta cika hanya har masu moto suna waiwaye, amma kalmomin suka dagule, bakwai da takwas suka zama abu guda. Na sauke hannuna.

Baba Ƙarami bai ji daɗi ba. "Kunyarka take ji, Yaya. Abin da ta ga kana so shi za ta nuna."

Baba bai amsa ba. Wataƙila bai ji ba, wataƙila ya ji.

A can cikin kasuwa, layin masu kayan hannu, muka iske shi: tsohon ampili na Turai, irin wanda ya ƙone sak, har da madaurin ƙarfe a gefe. Sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya tsuguna, ya shafa shi da gefen rigarsa, ya leƙa ramukan iska, ya sunsuna. Aka haɗa. Sautin ya fito da kauri, har ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Bakwai daban, takwas daban. Baba Ƙarami ma ya gyaɗa kai. Aka shiga ciniki, mai kayan ya yi ta saukowa har ya tsaya daidai kan duk abin da ke aljihun Baba, ba saura ko na amalanken komawa.

Baba ya ce a bar shi kunne ya yi zafi. Aka kawo mana benci ni da Inna. Kaset yana ta juyawa. Can sai na fara jin wani abu a ƙarƙashin kiɗan, siriri, kamar yashi cikin tukunya. Da ana gwaji aka mai da wayar lasifika bakin hagu na ampilin, ya ɓace. Aka dawo da ita bakin dama, ya dawo. Na san shi. Da haka wancan ya fara.

Baba ya riga ya sa hannu aljihu. Na raɗa wa Inna. Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta matse mini cinya alamar in yi shiru, don ta ga abin da na gani a fuskarsa. Amma Baba ya lura da mu.

"Mi tac ce?"

Inna ta ce, "Ba komi."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Tun da na shigo gidansa, ranar ce idonsa ya fara sauka cikin nawa. "Hwaɗa mini ni. Ɗaga murya."

Dole na ɗaga, a gaban mai kaya da ƴan kallo. "Baba, shina da ciwo bakin dama. Irin ciwon wancan."

Mai kayan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an zo sayen ampili da mata ba, ya ce a tambayi duk wanda ke wurin in akwai mai jin wani abu. Baba ya tambayi ƙanensa. Baba Ƙarami ya kara kunne a lasifika, ya daɗe, ya ce gaskiya shi bai ji ba. Ba wanda ya ji. Sai ni kaɗai.

"Kin tabbata?" in ji Baba. Muryarsa ba ta da daɗi.

Na ce, "Ina jin shi, Baba."

Ya tsaya da hannu cikin aljihu. Sannan ya zare hannun babu komai, ya sunkuya ya cire wayoyinsa da kansa, ya naɗe su. Mai kayan ya biyo mu da maganganu har ƙarshen layi. Har yau ban san wanda ya sayi ampilin nan ba, ban kuma san ko ya ji daɗinsa ko ya ƙone masa ba. Magana ce tawa kawai, Baba ya ɗauke ta.

Wanda muka saya bayan azahar ba abin nunawa ba ne. Daga wani gidan kallon ƙwallo da aka rufe ya fito, ya lotsa a kusurwa, fentinsa ya kaɗe. Ƙarfinsa rabin na tsohon. Amma ya yi zafi bai canja murya ba, baki biyun duka, kuma da aka cire kaset aka murɗa shi babu komai, ban ji gurnani ba. Da abin da ya saura Baba ya sayi akwatin daidaita wuta, don gurup ɗinsu yana da hawa da sauka, da doguwar wayar mikoro sabuwa.

Baba Ƙarami ya ce, "Wanga ba shi cika hilin kasuwa, ko an yi mai addu'a."

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba ya sani. Kwanakin da suka biyo baya in na gaishe shi da hannu yake amsawa.

Ranar taro na bi su a matsayin mai zuwa ganin gida. Tun kafin mutane su taru Baba ya sa aka ɗora lasifika bisa amalanke aka warwatsa su, maimakon a tara su wuri guda. Ya lakaci farar ƙasa ya yi ɗigo a jikin maɓallin ƙara, ya ce nan ne iyaka. Sannan ya aiko Inna da saƙo: in tsaya can ƙarshen fili wurin masu fura, da faifai a kaina. Muddin magana na fita daidai, faifan ya zauna. In ta fara fashewa, in sauke shi.

Bayan la'asar filin ya cika fiye da yadda kowa ya zata. Manoma a gabas, makiyaya a yamma, tsakaninsu wata hanya da ba wanda ya taka. Samari da sanduna a kafaɗa, wasu da takobi a rataye. Raƙuma a durƙushe bayan rumfuna, shanu can nesa suna jira. Na hango yayana cikin manoma, ya ɓoye hannun nan cikin riga. Ga iska tana kaɗawa daga gabas tana kwashe magana.

Dattijon farko ya fara jawabi. Muryarsa tana zuwa mini tsaf, amma ƙarama. In an yi shiru ana ji. Ba a yi shiru ba. Na baya suka fara tambayar juna me aka ce. Wani saurayi daga cikin makiyaya ya miƙe, ya yi magana da ƙarfi da harshensu yana nuna rumfar dattawa. Wata mai fura da ke jin Buzanci ta ce mini, cewa yake an faɗi ranar da Hausa an bar su a duhu. Wasu suka miƙe tare da shi. Nan da nan na gabas su ma suka miƙe. Mata suka fara tattara ƙoransu.

Daga inda nake ina hangen rumfar. Na ga Baba Ƙarami ya kai hannu ga maɓallin. Baba ya ture shi. Ya sake kaiwa, ya murɗa. Muryar dattijon ta yi tsalle, ta fashe, lasifika suka saki wata ƙara mai huda kunne, raƙumi ɗaya ya zabura ya tashi. Na fizge faifan daga kaina na ɗaga shi na sauke, na sake ɗagawa na sauke.

Baba ya gani. Ya kama wuyan hannun ƙanensa, dattijo mai jikoki, ya murɗe shi gefe a gaban kowa. Sannan ya kashe ampilin gaba ɗaya, ya yi wa mai kula da gurup alama, shi ma aka kashe.

Rurin injin ya ɗauke, filin ya zama babu sautin komai sai iska. Mutane suka tsaya suna kallon rumfa don su ga abin da ya faru. Waɗanda suka fara takawa suka dakata. Baba ya bari shirun ya yi tsawo har na fara jin tsoron ko abin ya ƙone ne. Sannan aka tada injin, ya mai da maɓallin kan ɗigonsa, ya ɗauki mikoro da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ba a hwaɗi rana ba tukuna. Wanda ba ya ji shi matso. Kayana ƙanana ne, ba su iya zuwa wurinku. Ku ku zo."

Ya miƙa wa tafinta, ya maimaita da Buzanci. Wani tsohon makiyayi ya fara takowa, ya zauna a tsakiyar hanyar nan da aka bari. Sai wasu suka biyo. Fili ya tsuke, gabas da yamma suka haɗu don babu wurin zama dabam. Kowa ya yi shiru don in ya yi magana shi zai rasa. Aka faɗi ranar da Hausa, aka faɗe ta da Buzanci. Baba bai tsaya nan ba. Ya ja doguwar wayar nan cikin mutane, ya kai mikoro bakin wani manomi ya ce ya faɗi abin da ya ji, ya kai bakin saurayin da ya fara miƙewa ya ce shi ma ya faɗa. Rana ɗaya suka faɗa.

A shekarar an yi ƴar gardama kan wata gona guda, aka sasanta ta a zaure. Ba a zubar da jini ba.

Amma gidanmu ya biya. Baba Ƙarami bai shiga motar komawa da mu ba. Bayan kwana kaɗan ya aiko aka ɗauki lasifika biyu da rabin wayoyi. Ya ce ya yarda taro ya yi kyau, amma ba zai sake zama rumfa ɗaya da wanda ya murɗe masa hannu gaban jama'a ba. Baba ya ce a ba shi duk abin da ya nuna. Daga nan sai gaisuwar masallaci. Ƴaƴansu suna shiga gidajen juna, su ba sa shiga. Inna ta yi ta kai da kawowa har ta gaji. Kowanne cikinsu yana da abin da ya riƙe: ɗaya an kira shi kurma a tsakar gidansa, ɗaya an murɗe masa hannu a filin kasuwa.

Ni Baba bai taɓa ce mini na gode ba. Wata safiya dai na ga yana huda bangon ɗakina da ƙusa. Ya zura waya daga zaure, ya rataye wata ƴar lasifika sama da keken ɗinkina. Ya ce wa Inna, "Kunnen ga bai kamata shi zamna banza ba." Tun daga ranar, in ya kunna karatu ko tsofaffin kaset ɗinsa na Abijan, ni ma ina ji ina ɗinki. Lokaci-lokaci sai ya leƙo ta taga ya ɗaga gira, ni kuma in gyaɗa kai ko in girgiza. Da haka muka yi aiki shekaru. Ya daina zuwa manyan bukukuwa, ya koma suna da walima da tarukan ƙauye, inda magana ake son ji.

Daga baya kunnen ya tafi kusan duka. Ya miƙa kayan ga autansa. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi a ɗakin Inna, ya rame, abinci sai an lallashe shi.

Wata safiya ina shara sai ga Baba Ƙarami ya yi sallama. Ya tsufa shi ma, da sanda yake tafiya. Ya tsaya tsakar gida kamar baƙo, har Inna ta ɗaga masa labule. Ya shiga ya zauna bakin gado. Ina jin yana magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da mutum ba ya son a ji. Baba ya ce, "Mi kac ce?"

Ya ɗan ɗaga murya. Baba ya ce bai ji ba.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Matar auta ta fito daga ɗaki. Baba Ƙarami ya leƙo ta labule ya ga muna nan, ya san babu yadda zai yi. Ya kai baki kunnen yayansa ya buɗe murya, yadda har masu wucewa a lungu sun ji:

"Na ce ka gahwarta mini, Yaya. Maganar da nih hwaɗa maka tsakar gida ba ta kamata ba."

Sai muka ji muryar Baba, a shaƙe, da ƴar dariya a ciki.

"Na ji tun ta hwarko, bakinka nike kallo. Tsakar gida kah hwaɗi waccan, shi ya sa nike son tsakar gida ta ji wagga." Ya yi tari, ya huta. "Kawo hannun nan da nim murɗe. Kai ma ka gahwarta mini."

Inna ta fito ta zauna bakin murhu ta rufe fuska da zane. Su kuwa suna ciki har rana ta take, ɗaya yana ihu, ɗaya yana amsawa, suna lissafa ƙauyukan da suka kwana da motocin da suka lalace musu a hanya. Kullum da safe Baba Ƙarami yake dawowa. Ranar Larabar ma yana nan, hannun yayansa cikin nasa. Shi ya rufe masa ido.

Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, Baba, ya yafe maka zafin ranka, ya jiyar da kai abin da ya fi duk abin da ka taɓa ji daɗi.